Alawar Auduga a Kofin Iya

Ni mutum ce mai karambani, wannan ko a gidanmu ba a musu. In na ga an yi abu sau ɗaya, sai hannuna ya dinga ƙaiƙayi har sai na gwada. Da haka na koyi cincin, da haka na koyi kek da samosa, har ta kai a unguwarmu a Rano in ana suna ko biki ni ake nema in yi zoɓo da kunun aya da kayan toye-toye. Ba cika baki ba, zoɓona in kin sha sai kin tambayi wadda ta haɗa.

To shekarar da aka sa bikin ƙanwata, na ce wallahi ba za a aurar da 'yar uwata da zoɓo kawai kamar bikin kowa ba. Dangin angon 'yan Kano ne, ni kuwa na san halin wasu matan birni. Su ci naki, su sha naki, su koma mota suna cewa, "Ai kin san mutanen ƙauye." Rano guda, mai ganuwa, wai ita ce ƙauye! Abin nan ya daɗe yana cina.

A waya na ga abin. Wata mata ce ta ɗauko dogon kofin gilashi, ta cusa masa alawar auduga, irin wadda ake sayar wa yara a ƙofar makaranta, mai ruwan hoda, har ta yi tozo a saman kofin. Sai ta buɗe kwalbar lemon inabi mai gas ta tsiyaya a kai. Alawar ta ɓace ɓat, lemon ya rine, kumfa ta taso har baki. Na yi ta maimaita kallon har cajin wayata ya ƙare. Na ce shi ke nan, abin nema ya samu.

Na shiga mota na tafi Kano takanas don lemon. Na same shi a wani babban kanti, kwalabe koraye masu dogon wuya, an naɗe wuyan da takarda mai ruwan gwal, an toshe bakin an ɗaure da waya. Ganin kwalbar ya ɗan sa ni tsayawa. Mai kantin dattijo ne mai furfura a gemu, na ce masa, "Alhaji, don girman Allah, babu giya a ciki ko?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, a kantina? Ruwan inabi ne da gas. Ga shi nan an rubuta, duba da kanki."

Na duba. Da ɗan turancina na sakandare na karanta, na ga an rubuta babu giya ko ɗigo. Na sa aka ɗaure mini kwalaye na dawo gida.

Alawar ce ma ta fi ba ni wahala. Akwai wani mai injinta da ke zuwa ranar kasuwa, na roƙe shi ya zo zaurenmu da safiyar ranar yini ya murza mini sabuwa. Ita alawar auduga ba ta son iska. In kin bar ta a buɗe, kafin ki juya ta tsuke ta koma danƙo, dole yana naɗowa kina turawa a leda kina ƙullewa. A gwajin da na yi kafin biki na gane sauran sirrin. Lemon sai ya yi sanyi ƙarara, don haka na sayi ƙanƙara na jera kwalaben a kula. Ba a ƙara sukari, alawar ta isa. A hankali ake tsiyayawa ta gefen kofi, in ba haka ba kumfa ta yi miki ambaliya a tire. Babban abin kuma, a gaban mai sha ake zubawa, don ganin ɓacewar alawar shi ne rabin daɗin.

Tun kafin ranar na riga na yanke wa zan fara ba wa. Iya ce, kakata, mahaifiyar Baba. A Fammar take zaune, can ƙasar Kibiya, tare da Gwaggo, ƙanwar Baba da mijinta ya rasu. An yi an yi ta dawo Rano ta ƙi, ta ce ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta ba. Ta tsufa ƙwarai, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, sai da sanda take takawa. Ni da ita kuwa ba ma haɗuwa ba mu taɓa ba. Tana ce mini ƙawata mai hannun ɓarna, ina ce mata tsohuwa mai kwaɗayin yara, don Iya a kan zaƙi ba ta da kunya. Haƙori ya ƙare amma rake sai an yanka mata ta tsotsa. Abu biyu ne ba a yi mata wasa da su, sallarta da 'yar rediyonta da take jin wa'azi.

Ranar yini ana zafi kamar me, don lokacin bazara ne, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Gida ya cika maƙil. Bayan la'asar na fito da tire, na durƙusa a gaban Iya a tabarmar da aka shimfiɗa wa tsofaffi a ƙarƙashin rumfa. Na ajiye kofi da alawarsa, na kwance wayar bakin kwalbar, na tura murfin da babban yatsa.

Fau!

Mata suka zabura, wata ta saki salati, wani jariri ya tsala ihu. Iya ta dafe ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan, bindiga kika kawo mana gidan biki?"

Na ce, "Ke dai zuba ido, tsohuwa."

Na tsiyaya. Alawar ta narke a gaban idonta, kofi ya koma ruwan hoda yana tayar da 'yan ƙananan ƙwayoyi sama. Iya ta leƙa cikin kofin, ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ce, "Ina audugar ta shiga? Rufa-ido kika koyo a Kanon?" Aka kwashe da dariya. Ta yi bisimilla ta kurɓa, gas ɗin ya hau mata hanci, ta yi atishawa, ta sake kurɓa. Sai ta miƙo kofin ta ce, "Ƙara mini, ƙawata. Yau hannunki bai yi ɓarna ba." Na ƙara mata, ta shanye, na sake ƙarawa. Allah ya sani a lokacin nan ba wanda ya kai ni farin ciki.

Daga nan aka kira ni maƙwabta, inda aka sauki dangin ango. Matar kawuna ta taya ni ɗaukar kaya. Ita wannan matar ta daɗe a kudu, mijinta tsohon soja ne, a bariki ta yi rabin rayuwarta. Muna can ina zuba wa baƙi, na jiyo kiɗan ƙwarya ya ɗau zafi a gidanmu, ana ta rangaɗa guɗa ba ƙaƙƙautawa. Ban kula ba, na ce biki ne.

Ƙanwar ango, wata 'yar gayu mai dogon farce, ta karɓi nata kofin ta ɗauke shi hoto. Ta ce, "Lallai Anti, kin burge ni. Har da wayin a Rano?"

Kaina ya kumbura. Abin da na je Kano nema ke nan, ga shi na samu. Ban gama murmushin ba na ga matar kawu ta ajiye tire a hankali. Ta ɗauki kwalbar da na zazzage, ta juya ta, ta shinshina bakin.

Ta ce, "Me kika ce sunansa?"

Yarinyar ta ce, "Wayin."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mu a bariki giyar manyan hafsoshi ake kira haka. Kuma wallahi kwalbar ce sak, har ƙarar buɗewar."

Na ce, "Haba, lemo ne fa, ruwan inabi ne!" Yarinyar ma ta so gyarawa, sai ta ƙara ɓatawa. Ta ce, "A'a Mama, wannan mara giyar ce. Mu haka muke ce musu duka."

Matar kawu ta ce, "Au, ashe akwai mai giyar! To wa ya tantance mana wacce ce wannan?"

Magana zarar bunu. Tsakanin gidan nan da namu katanga ɗaya ce, amma kafin in kwashi ƙafata in zagayo, zancen ya riga ni isa. Kiɗa ya tsaya cak. Na tarar da mata a bakin rariya suna kurkure baki, wata ta tura yatsa a maƙogwaro, wata tana dukan bayan 'yarta wai ta amayar. Ana ta kallona. Ni ban ma bi ta kansu ba, rumfa na nufa.

Iya na zaune inda na bar ta, kofin a gabanta babu komai a ciki. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ta ɗago ta kira ni da sunana na yanka, abin da ban taɓa jin ta yi ba tunda na yi wayo.

Ta ce, "Abin da ake faɗa gaskiya ne?"

Na ce, "Wallahi tallahi ƙarya ne, Iya. Lemo ne."

Ta lalubo sandarta, ta ce wa Gwaggo a nemo musu abin hawa, gida za ta. Aka yi ta ba ta baki ta kwana a kai amarya, ta ƙi. Kafin magariba sun kama hanyar Fammar.

Baba ya kira ni zaure. Mutum ne mai sanyin magana amma ranar muryarsa har rawa take. Ya sa aka kawo kwalba ɗaya da ta rage ba a buɗe ba, ya aika aka kira wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti. Mutumin ya karanta gaba da baya, ya buɗe ya ɗanɗana, ya ce, "Alhaji, wannan ko jariri ya sha. Sukari ne kawai zai dame shi." Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce mini, "Ke kuma karambaninki Allah ya shirye ki." A Rano maganar ba ta yi nisan kwana ba. Waɗanda suka yi kakarin amai su ne suka dawo suna tsokanata, wai yaushe zan ƙara ba su giyar. Na ɗauka an wuce wurin.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ki zo. Iya ba ta cin abinci. In ta idar da salla sai ta zauna a kan dardumar ta yi ta kuka."

Na hau mashin ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Ana ta sharar gonaki a hanya, ana jiran ruwa, ni dai ba abin da nake gani sai fuskar Iya. Na same ta a ɗaki ta jingina da bango. A 'yan kwanakin nan har ta zabge, idanunta sun faɗa. Rediyon na gefe a kashe.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, me ya yi zafi haka? An fa duba, an tabbatar lemo ne."

Ta ce, "Da kunnena na ji malamai sun faɗa, ba sau ɗaya ba. Wanda ya sha giya, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa. In kuwa ya mutu a cikin kwanakin nan, to sai dai wani ikon Allah." Sai ta dube ni ta ce, "Ke yarinya ce, kwana arba'in ba komai ba ne a wurinki. Ni fa? Ni da nake jiran kira yau ko gobe? Tun ina 'yar mitsitsiya nake salla. A ce sai da na zo bakin rami za a rufe mini ƙofa?"

Sai a lokacin na gane girman abin da ke gabanmu. Na zaro kwalbar nan da aka karanta a zaure, wadda na taho da ita a jaka, na nuna mata rubutun, na fassara mata kalma-kalma. Ta ture hannuna.

Ta ce, "Rubutun nasara. Shi mai dafa giyar zai rubuta miki ya ce giya ce?"

Gwaggo ta aika aka roƙo liman. Dattijo ne mai haƙuri, ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ya ce abin da ta sha ba giya ba ne. Ya ce ko da ma giyar ce, wanda ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Ya ce ta ci gaba da sallarta da kyakkyawan zato. Iya ta yi ta cewa, "Na'am, Malam. Allah ya saka da alheri, Malam." Yana fita ta dube ni ta ce, "Tausayina yake ji. Ya ga tsohuwa."

Raina ya fara ɓaci. Na ce, "To wai ke Iya, Baba ya faɗa, ma'aikacin asibiti ya faɗa, liman ya faɗa. Me kika sani da duk ba su sani ba?"

Ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Can ta ce, "Na yi rawa."

Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta ce bayan na tafi maƙwabta, da masu kiɗan ƙwarya suka sauya kiɗa, Iya ta miƙe ba sanda, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta shiga fili ta taka. Guɗar da na jiyo ke nan.

Iya ta ce, "Rabona da rawa tun kakanku yana da rai. Amma ina shan abin nan na ji kaina ya yi sakayau, gwiwata ta daina ciwo, ina ta dariya ba dalili. Gaban surukai, gaban jikoki. In ba maye ba, mene ne wannan?"

Na ce, "Farin ciki ne, Iya. Jikarki ake aurarwa."

Ta ce, "Jikoki nawa na aurar? A wanne kika ga na yi rawa?"

Na mayar da kwalbar jaka, na yi mata sallama.

Tsoro mugun abu ne, yana yaɗuwa kamar mura. Na koma Rano da shakkar da ban zo da ita ba. Na ce a raina, kwalba ɗaya na karanta a kanti, ɗaya kuma aka karanta a zaure. Wadda na zuba wa Iya fa? Wa ya karanta ta? In wata ce ta ɓata hanya ta shigo kwalin? Na bi gida-gida ina neman kwalaben, ashe tun ranar mata suka wawashe su, an wanke an kankare takardun an zuba man gyaɗa. Ba a gane wacce ce wacce. Har na sake komawa Kano na sayo wata, na kulle kaina a ɗaki na shanye ta tas ni kaɗai, na zauna ina jiran in ji ko zan yi rawa. Ba abin da na samu sai kumburin ciki da gyatsa. Hankalina ya san gaskiya sarai, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In na ga lambar Gwaggo a waya sai na yi salati kafin in ɗauka.

Na koma zirga-zirga tsakanin Rano da Fammar. Na kai mata kunun gyaɗa, na kai farfesu, na kai dabino mai laushi, sai ta taɓa kaɗan ta ture. Salla kuwa ba ta fasa ko ɗaya ba. Tana yi tana kuka, ta ce ko ba a karɓa ba gara a ga tana ƙwanƙwasawa. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce ga Gwaggo: "Yau kwana nawa?" Gwaggo ta faɗa mata, ta ƙirga saura a yatsu, ta yi ajiyar zuciya. In ta ji ɗan jiri ko ƙirjinta ya buga sai ta riƙe hannun wanda ke kusa ta ce, "Ba yanzu ba, ya Allah, ba yanzu ba."

Wata rana da hantsi na kai mata koko ta kawar da kai, sai zuciya ta ɗebe ni. Na dire kofin na ce, "Gwaggo, sauko mini da Alƙur'ani! Tunda ba ta yarda da bakin kowa ba, zan dafa in rantse mata."

Gwaggo ta ce, "Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Na ce, "Na sani."

Mu nan ba a wasa da dafa Alƙur'ani. Tun muna yara muke jin wanda ya rantse a kan ƙarya ba ya gamawa lafiya, ana cewa Alƙur'ani ya ci shi. Na fita na yi alwala. Gwaggo ta sauko da na marigayi kakanmu daga inda yake rataye a cikin gafakarsa, ta ajiye a kan matashi. Na durƙusa. Ina miƙa hannu sai shakkar nan ta kwalba ɗaya ta dawo mini. Na ce komai ta fanjama fanjam, in dai Iya za ta ci abinci.

Saura ƙiris in dafa, ta cafke mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba.

Ta ce, "Kina wurin da aka dafa shi a ƙasarsu? Kin ga lokacin da aka ɗura?"

Na ce, "A'a, amma..."

"To kar ki dafa. In kika yi kuskure ya ci ki, ina zan sa kaina? Ke yanzu kika fara rayuwa, ga 'ya'ya ƙanana. Ni na sha, ni zan ɗauka. Mayar da shi, ke." Ta faɗa wa Gwaggo.

Na kifa kai a cinyarta na yi kuka kamar raina zai fita. Ita ce ma ta koma lallashina, tana shafa mini baya tana cewa ba laifina ba ne, kwaɗayinta ne ya ja mata. Wannan ya fi mini ciwo a kan ta zage ni.

Jiki ba ya jure rashin ci, balle na tsoho. Ranar da aka yi ruwan farko, mutane na murna ana fita shuka, Iya ta yanke jiki ta faɗi a wurin alwala. Aka ɗauko ta a mota zuwa asibiti a Rano. Suka ce jininta ya hau sosai, ga rashin ƙarfi. Suka yi iya yinsu, bayan 'yan kwanaki suka ce mu kai ta gida mu ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan. Aka kwantar da ita a ɗakin mahaifiyata.

Ta koma yau a gane gobe a rasa. Wani lokacin ta kira sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, wani lokacin ta yi barci yini guda. Lissafin kwanaki ya kuɓuce mata, amma mu bai kuɓuce mana ba. Ni dai ba na roƙon Allah ya ba ta shekaru, na san wannan ya wuce. Roƙona ɗaya ne, ya ja mata numfashi ta haye arba'in ɗin nan, don kar ta tafi tana ganin an juya mata baya. Kullum na duba fuskarta sai in ga kwanakin sun fi ta tsawo.

Wata rana gab da azahar muna zaune a ɗakin, ni da Baba da Gwaggo. Sai ta buɗe ido tar, hankalinta ya dawo kamar ba ita ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ba ta fita sosai, sai da na kai kunne.

Ta ce, "Saura kwana nawa?"

Gwaggo ta kawar da kai. Baba ya buɗe baki, ni kuwa na san Baba, ko za a yanka shi ba zai faɗi abin da ba shi ba. Ban san lokacin da na riga shi ba.

Na ce, "Sun cika, Iya. Jiya suka cika."

Ta ƙura mini ido. Na ce a raina yanzu za ta gano ni, matar da ta ƙi yarda da liman. Ta mayar da idon kan ɗanta.

"Haka ne?"

Baba ya daɗe yana kallon tabarma. Daga masallacin unguwa aka fara kiran salla. Ya ɗago ya ce, "Ga shi an kira, Iya. Ki yi sallarki."

Ta lumshe ido ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe zan ga wannan rana." Ta ce a kawo mata dutsen taimama. Na riƙe mata hannu ta shafa, muka juya ta ta fuskanci gabas, ta yi azahar a kwance tana nuni da kai. Na tsaya ina jiran kukan da ta saba in ta sallame, bai zo ba. Ta daɗe tana motsa baki, sannan ta ce wai ba ɗan kunu a gidan nan ne, ko so muke mu kashe ta da yunwa? Na ruga na damo, ta sha kusan rabin kofi.

Washegari da hantsi ta cika, da kalmar shahada a bakinta, fuskarta a sake. Saura kwana tara. Ni na sani, Gwaggo ta sani, Baba ya sani, kuma har yau ba wanda ya taɓa tayar da maganar a cikinmu.